Hoton Kusmini Da Ya Sha Hannu

Ranar Talata da hantsi, da ruwa ya ɗan tsagaita, tsohuwa Mbah Sarinten ta buɗe akwatinta don ta shanya zanen mahaifiyarta, kamar yadda take yi duk bayan kwana talatin da biyar. Ta tarar da takardar da take naɗe shi a ciki an ninke ta tsaf, ta tarar da busasshen ganyen da take sawa saboda ƙamshi. Zanen ne babu.

Ba wanda bai san wannan zane ba a garin Tambakwangi. Batik ne na hannu, wanda ake zanawa da kaki a rina, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, da tsuntsaye goma sha biyu a cikin furanni. Shi aka lulluɓa wa makarar mahaifiyar Mbah da ta zana shi, shi aka lulluɓa wa ta mijin Mbah, kuma ita ma da shi take sa ran za a raka ta. Akwai doka a kansa: ba mai zana tsuntsayen nan sai jinin gidan. An taɓa korar wata ma'aikaciya saboda ta kwaikwayi fiffike ɗaya tak a majanyin 'yarta.

Kafin azahar wani hoto ya gama wayoyin gari. Mace ce a kan keke tana haye gadar katako cikin hazon safiya, iska ta ɗaga murfin kwandonta, ga tsuntsaye nan ja da shuɗi sun leƙo. Fuskar ba ta ɓuya ba, Kusmini ce, wadda ta shekara goma sha tara tana zana kaki a gidan Mbah. Mata shida ne suke zagaye tukunyar kaki ɗaya a gidan, kowacce da canting ɗinta, 'yar butar tagullar nan mai siririn baki. Da yamma ta yi, biyar sun ja kujerunsu gefe guda sun bar ta ita kaɗai da hayaƙi.

Pak Lurah, dagacin garin, ya ce a ba ta zuwa Juma'a. In zanen bai fito ba bayan sallah, 'yan sanda ne za su ji da ita.

* * *

Pak Darmaji ya yi shekara talatin yana bin sawu a dajin jati, bishiyar katako mai tsada, daga na ɓarayin katako har na shanun da suka ɓace. Tun da ya ajiye aiki ba abin da yake yi sai zama a baranda da kofi mai kauri da taba mai kanumfari, yana kallon tafkunan gishiri da ido rabi a rufe. Matarsa takan ce da gyangyaɗi sana'a ne da tuni sun gina bene. Amma mutanen gari sun san cewa a cikin gyangyaɗin nan yake aikinsa, shi ya sa Mbah Sarinten ta aika a kira shi.

Ya same ta a bakin gado, hannuwanta a kan gwiwa. Tsohuwar ta haura tamanin, idonta ba ya gani sai abin da ta kawo dab da hanci.

"Ka nemo mini zanena, Dar," in ji ta. "Ba na son a rufe ni da kayan kasuwa."

Ya tambaye ta ko ta yarda Kusmini ce. Ta daɗe tana murza yatsunta, sannan ta ce yarinyar nan ita ta koya mata riƙe canting, amma ai an nuna mata hoton, kuma tsuntsayen uwarta ba za su ɓace mata ba ko da a mafarki ne.

Darmaji ya duba kwaɗon akwatin, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tsuguna a gindin taga. Ruwan kwana uku ya wanke ƙasa sumul, abin da ya rage kuma tsintsiya ta gama da shi. Handoyo, ɗan autan Mbah mai kula da cinikin gidan, yana biye da shi yana bayani tun ba a tambaye shi ba. Ya ce mabuɗin a ƙarƙashin matashin tsohuwa yake kwana, kuma Kusmini ce mai gyara mata gado. Darmaji ya gyaɗa kai ya yi hamma.

* * *

Kusmini tana bakin rijiya a gidanta tana wanke hannun da shuɗin rini ba zai taɓa fita daga farcensa ba. Mahaifinta abokin aikin Darmaji ne a daji, don haka tun tana rarrafe ya san ta. Pakde take kiransa, wato baffa, shi kuma ya ce mata Nduk, wato 'yata.

Ya nuna mata hoton a wayar matarsa. Ba ta yi gardama ba, ta ce ita ce, kekenta ne, kwandonta ne.

"Ban ɗauki zanen Mbah ba, Pakde."

"To mene ne a kwandon, Nduk?"

Ta sake jefa guga a rijiya. Ya jira har ta jawo shi, har ta juye, har ruwan ya daina motsi a bokiti, ba ta ce uffan ba. Ya sha ganin ɓarayi suna yin shiru, kuma shirunsu na masu neman ƙofar fita ne. Wannan kuwa kamar ta tsaya ne a bakin ƙofa tana tare wani abu. Tausayinta ya kama shi, ya tafi bai ƙara tambaya ba.

* * *

Zarginsa na farko ya faɗa kan Haji Maskur, dillalin zannuwa, wanda ya shekara ashirin yana naci a sayar masa da zanen. Ya same shi a shago yana cin dafaffen rogo. Haji ya yi dariya har ya ƙware, ya ce lallai tsufa ya kama Darmaji, tunda ya bar bin shanu ya koma bin alhazai. Ya ce tun makon jiya gwiwarsa ta kumbura, ko masallaci a babur ake kai shi, kuma ya ɗaga zani ya nuna gwiwar duk da ba wanda ya nemi gani. Ya ƙara da cewa shi da zai saci zanen da ba zai iya ɓoye shi ba, don sai ya nuna wa duk wanda ya shigo shagon.

Wannan gaskiya ce, Darmaji ya san halinsa. Har ya miƙe zai tafi, Haji ya turo masa waya ya ce ga ɓarauniya nan ƙuru-ƙuru, me kuma ake nema.

Darmaji ya duba, ya sake dubawa. Hoton ne dai, amma ba shi ba ne. Wani ya zagaye kwandon da jan layi. Gadar ta zama wani dunƙule mai ruwan toka, ƙafafun keken ba su da waya ko ɗaya, sararin sama kuma ya rabu gida-gida kamar allon dara. Wanda ke wayar matarsa ya fi wannan ɗan haske. Ya tambayi Haji ko wayarsa ce ta tsufa. Haji ya ji haushi, ya ce sabuwa ce dal, 'yarsa ta aiko masa daga birnin Semarang.

* * *

Da safiyar Laraba ya hau motar haya zuwa kasuwar gunduma, wurin Cik Giok mai shagon wanke hoto. Mace ce mai gilashi a kan hanci da harshe mai kaifi, wadda ta ɗauki hoton auren rabin gundumar, kuma ta san waɗanda suka dawo a yanke musu gefe ɗaya. Ya roƙe ta ta fito masa da hoton babba. Ta fito da shi, ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan ya sha hannu, Pak. Waya ba ta son kaya mai nauyi. Wannan ya adana ya tura, wancan ya yanke gefe ya tura, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura. Kowane karo sai ta matse shi, ta zubar da abin da take zaton ido ba zai yi cigiyarsa ba. Abin da ta zubar kuwa ba ya dawowa."

Ya tambaye ta ko duk hotuna haka suke lalacewa. Ta ce ina, kowanne da irin ciwonsa, ta ja shi zuwa bangon da take liƙa waɗanda masu su suka ƙi karɓa. Ta nuna masa faɗuwar rana a bakin teku, inda sama da ya kamata ya tafi sumul ya koma layi-layi kamar matakala. Ta nuna masa katin gayyatar biki, kowane harafi da ɗigo-ɗigo a jikinsa sai ka ce ƙudaje sun yanyame shi. Ta nuna masa gonar shinkafa da ta koma kamar an zuba koren kunu, ba a gane kara ɗaya. Fuska ce, in ji ta, ta fi kowa juriya, domin babba ce kuma ba ta da ƙananan layuka, sai dai tamojin fata su ne suke tafiya.

"Shi ya sa matan garinku suka fi son hotonsu bayan ya zaga dangi," ta ce. "Ya dawo musu da shekara goma."

Batik kuwa, ta ce, shi ne abin tausayi. Ƙananan ɗigon da mai zane take ɓata wata shida a kansu su ne na farkon mutuwa, launuka kuma su malale cikin juna har ka kasa cewa rini biyu ne ko uku. In aka ɗauki zanen hannu da bugun inji aka tura su sau biyar, wadda ta zana ma sai ta rantse duk nata ne.

Darmaji ya zauna a benci ya lumshe ido. Fankar shagon tana juyawa a hankali, ƙamshin gasasshen kifi yana shigowa daga kasuwa, shi kuwa ya koma daji. Ya ga sawun dabba a laka bayan an yi ruwa. Ruwan farko yakan cinye bakin kofato, na biyu ya cike tsagar tsakiya, na uku ya bar ɗan rami kawai, wanda mai neman maraƙi zai ce maraƙi ne, mai tsoron alade ya ce alade ne. Mutanen Tambakwangi sun san zane fiye da kowa a faɗin gaɓar nan, da a hannu aka ba su da sun ƙirga ɗigo. Amma a waya suka gani, suka hango manyan tsuntsayen da suka sani tun suna goye, sauran kuma zuciyarsu ta cike musu.

Bai buɗe ido ba ya tambaye ta, wato ke nan wanda hotonsa ya fi haske shi ya fi kusa da inda abin ya taso. Ta ce haka ne. Ta kuma ce in barci zai yi akwai masallaci a gaba.

* * *

Ranar ya bi sawun da bai taɓa bin irinsa ba. Ya riƙa shiga gida-gida da lema a hannu, yana tambayar kowa wa ya turo masa. Wasu sun manta, wasu sun yi ƙarya don kada a ce su ne masu tsegumi, amma bai damu ba. Sai ya jera wayoyi biyu ya duba wanne ya fi wanne, ya bi mai hasken.

Na Haji Maskur daga ladan ya fito, shi ne ma ya zana jan layin. Na ladan daga matarsa, ita kuma daga Yu Parmi mai kifi, wadda ta yanke gefen hoton saboda rumfarta ta fito a ciki babu shara. A kowane gida da ya shiga sai hoton ya ƙara farkawa. Gadar ta sami katakanta. Keken ya sami wayoyin ƙafarsa. Fuskar Kusmini, da ta fito kamar ta budurwa a wayar Haji, ta riƙa tsufa a hankali har ta dawo shekarunta arba'in da gajiyarta. Darmaji ya ji kamar yana tafiya ne da baya cikin wata safiya da ta wuce, kuma har la'asar bai tuna bai ci abinci ba.

Sawun ya ƙare a wurin Gito ɗan acaba, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Gito ya sosa ƙeya ya ce Mas Handoyo ne ya turo masa ranar Talata, ya ce shi ma wata baƙuwar lamba ce ta aiko masa.

* * *

Ya sami Handoyo a ɗakin bayan gidan yana auna bango da igiya. Bai tambaye shi komai ba. Ya jingina da ƙofa ya ce shi kam ya gaji, kuma abin da ke damunsa shi ne 'yan sanda dariya za su yi wa hoton nan, tunda duk ya dagule. In ba a sami mai haske ba, ranar Asabar Kusmini za ta dawo kan kujerarta. Cik Giok ta ce sai dai a kawo waya ta jona da igiya ta ciro shi kai tsaye, ba turawa ba. Ya yi hamma, ya ce amma wa ke da irin wannan.

Handoyo ya ce zai duba. Ranar Alhamis tun ba a gama buɗe kasuwa ba yana ƙofar shagon Cik Giok da wayarsa mai idon kyamara uku.

Da rana Darmaji ya karɓi hoton wayar Handoyo daga Cik Giok a babbar takarda a naɗe, ya taka har gadar katako, ya tsaya daidai inda mai ɗaukar hoton ya tsaya. Yayyafi yana sauka, rafin ya cika har yana lasar ƙafar gadar. Ya warware takardar ya dubi hoto, ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke bayan gada, ya sake duban hoto. Ya daɗe a haka, har wani mai agwagi ya wuce ya dawo ya same shi a tsaye.

Daga nan gidan Kusmini ya nufa. Ya ce mata da rani aka ɗauki hoton nan, kuma gobe zai faɗi haka a gaban jama'a. Sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska, maganar da ta riƙe ta zubo.

Ta ce bara waccan, ranar shanya, ta ga rana tana ratsa zanen ta wurin ninki. Zaren ya ci, in aka sake ja shi a kan makara sai ya rabe biyu a gaban mutane. Ba ta iya faɗa wa Mbah ba. Sai ta riƙa haddace tsuntsu ɗaya duk ranar shanya, ta dawo gida ta zana shi a farin yadi. Da rani ta kai shi marinar wani ƙauye ƙetaren gada aka yi shuɗi, don kada a gani a gari. Rini ɗaya ya rage. Nufinta ranar da Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin na asali, ya riƙe shi.

"Ka bar maganar nan, Pakde. In an ce ɓarauniya ce ni, 'yan sanda ne za su tafi da ni. In aka faɗi gaskiya, Mbah ce za ta kore ni da bakinta. Gara 'yan sandan. Su ba su suka koya mini aiki ba."

Ya ce shi iyakarsa sawu, ba zai faɗi abin da ke kwandon ba, wannan nata ne. A hanyar gida zuciyarsa ta yi masa nauyi, domin ya san in ya cire ta daga rami ɗaya, a bakin wani zai ajiye ta.

* * *

Bayan sallar Juma'a aka taru a barandar Mbah Sarinten. Pak Lurah yana tsakiya, Haji Maskur ya miƙe gwiwarsa a kan kujera, matan nan biyar suna gefe, Handoyo yana tsaye a bayan uwarsa. Kusmini ta zauna a ƙasa kusa da matakala da wani ƙunshi a cinyarta. Cik Giok ma ta rufe shago ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Darmaji ya shanya hotuna shida a igiyar da ake shanya zane, daga na Haji har zuwa na Handoyo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin daga wayar wa kowanne ya fito, a hankali, kamar mai ba da labarin mafarki. Da ya zo na ƙarshe Cik Giok ta ce wannan bai taɓa tafiya ko'ina ba. Babu baƙuwar lambar da ta aiko shi, a cikin wayar aka haife shi.

Handoyo bai girgiza ba. Ya ce to, shi ya ɗauka. Ranar Litinin da sassafe ya gan ta a gada, kuma kunya ce ta hana shi faɗa, tunda ma'aikaciyar uwarsa ce.

"Litinin ɗin nan da ta wuce, Mas?" in ji Darmaji.

"Ita."

Darmaji ya roƙi Pak Lurah ya dubi hoton farko, ya faɗi abin da ke bayan keken. Dagaci ya ce bishiyoyi ne, ga duhun ganye nan. Ya ce to ya dubi na ƙarshe. Dagaci ya matso, ya gyara gilashi. Abin da ya zama duhun ganye a wayoyin gari ƙananan rassa ne tsirara, dubbai, sirara kamar gashi, matsewa ce ta dama su wuri ɗaya. Babu ganye ko ɗaya a kansu.

"Jati ba ya tuɓe ganye sai da rani," in ji Darmaji. "Ku ɗaga kai ku dubi tudu."

Kowa ya juya. Tudun yana can kore shar cikin yayyafi, kowane ganye kamar faranti. Darmaji ya ce hoton nan ya kai wata biyar, alhali kwana talatin da takwas da suka wuce Mbah ta shanya zanenta a tsakar gidan nan a gaban mata shida. Don haka abin da ke kwandon ba shi ba ne. Kuma wanda ya ɓoye hoto wata biyar, ya sake shi a ranar da aka buɗe akwati, ya riga kowa sanin cewa za a tarar da shi wayam.

Handoyo ya fara magana da ƙarfi, sannan muryarsa ta yi ta raguwa. Ya ce zanen ruɓewa yake yi a akwati. Ya ce wani mutumin Jakarta ne mai tara tsofaffin zannuwa ya saye shi, kuma tuni ya hau jirgi, bai ma bar lamba ba. Ya ce injin buga zane yake so ya sa a ɗakin baya, don gidan ya rayu. Game da Kusmini bai ce komai ba. Uwarsa ba ta waiwaya ta dube shi ba, ko sau ɗaya.

Haji Maskur ne, da bakinsa ba ya iya zama, ya tambaya to mene ne a kwandon. Darmaji ya dubi ƙasa.

Kusmini ta tashi ta kwance ƙunshinta, ta shimfiɗa zanen a kan tabarma a gaban tsohuwa. Tsuntsaye goma sha biyu, ja da shuɗi, wurin ruwan ƙasa kuma fari fat yana jira. Matan suka ja numfashi. Ɗaya ta ce a hankali wannan ai ya fi sata muni.

Mbah Sarinten ta ce a ɗago mata. Ta kawo zanen dab da hancinta ta fara bin tsuntsayen, ɗigo bayan ɗigo, leɓenta yana motsi. Ruwa yana ɗiga daga bakin rufi. A tsuntsu na tara tsohuwar ta tsaya. A tsakiyar wutsiyarsa layin ɗigon ya karkace, ga wani ɗigo babba da ya fita daga sahu.

"Wannan fa?"

"Haka yake a na asali, Mbah. Ban sani ba ko da gangan ne, sai na bar shi yadda yake."

Tsohuwar ta ɗora yatsa a kan ɗigon ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ba da gangan ba ne. Ni ce na motsa a cikin uwata, hannunta ya goce. Ita ta faɗa mini, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Pak Lurah ya gyara murya ya ce maganar sata dai ta faɗi, amma dokar gidan ta Mbah ce, tunda an san ba mai zana tsuntsayen sai jini. Mbah ta ce ta ji, kuma kowa ya ga abin da jini ya yi da su. Ta ninke zanen da kanta, a hankali, ta miƙa wa Kusmini, ta tambaye ta rinin da ya rage zai ci kwana nawa.

"Wata biyu, Mbah, in rana ta fito."

"A nan za ki yi shi, a gabana, ba a wani ƙauye ba. Zan jira ki wata biyun, Nduk. Fiye da haka ban yi miki alkawari ba."